Tambaya da Amsa: Yaya Ake Ƙiyasta Ƙasar da Ruwa Ke Kwashewa Daga Filin Gini?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: filin da aka share aka baje domin gini, damina ta iske shi tsirara, ruwa ya yi ta jan ƙasarsa zuwa lambatu da filayen maƙwabta. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, ga amsoshin daga masu aikin ƙasa da ruwa na wannan shafi.

Assalamu alaikum. Na karɓi aikin share fili mai hekta 2 da baje shi. Injiniyan da ke duba aikin ya ce ba zai sa hannu ba sai na kawo ƙiyasin ƙasar da ruwa zai kwashe. Ni ban taɓa jin ana auna irin wannan ba. Ta ina ake farawa? — Wani ɗan kwangila

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana aunawa, kuma injiniyan bai matsa maka ba gaira ba dalili. Filin da katafila ta bi ya rasa ciyawa da saiwoyi, an kwashe ƙasar samansa, tayoyi sun danne abin da ya rage har ruwa ba ya shiga. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa lakar da ke fita daga irin wannan fili kan ninka ta gona sau 10 zuwa 20.

Lissafin da aka fi amfani da shi ana kiransa USLE. Wischmeier da Smith ne suka fitar da shi a Amurka a 1965, suka sabunta shi a 1978, sannan a 1997 aka fito da gyararrensa mai suna RUSLE. Abubuwa biyar ake ninkawa da juna:

A = R × K × LS × C × P

A ita ce amsa: tan nawa na ƙasa ke barin wurinsa a kowace hekta a shekara. R ƙarfin ruwan saman yankin ne. K saurin zaizayewar irin ƙasar. LS tsawon gangara da tsayuwarta a haɗe. C abin da ya rufe ƙasa. P yadda aka bar fuskar ƙasar bayan aiki. An gina komai a kan ɗan filin gwaji mai tsawon mita 22.13 da gangarar kashi 9 cikin 100, wanda aka bari ba shuka. A wannan fili LS da C da P duk 1 ne, kowane fili kuma da shi ake gwada shi.

Kada ka yi wa hekta biyun lissafi ɗaya. Ɗauki taswirar safiyo ka raba filin gida-gida: inda aka yanka tudu, inda aka cike, hanyar motoci, tsibin ƙasa, da shimfiɗaɗɗen wuri. Kowane yanki da nasa lissafin, daga baya a tara.

LS ne ya fi cin lokaci. Tsawon gangara ba tsawon filinka ba ne. Yana farawa daga inda ruwa ya fara gudu a kan ƙasa, ya ƙare inda ya faɗa magudana ko inda gangarar ta kwanta har laka ta fara zama. Da wuya ya wuce mita 120 ruwan bai haɗe ya zama ƙorama ba. Ga ƙa'idar 1978:

LS = (tsawo ÷ 22.13)^m × (65.41 sin²θ + 4.56 sinθ + 0.065)

θ kusurwar gangara ce. Ita kuma m 0.5 ce ga gangarar kashi 5 zuwa sama, 0.4 ga kashi 3.5 zuwa 4.5, 0.3 ga kashi 1 zuwa 3, 0.2 ga abin da bai kai kashi 1 ba.

Mu ɗauki misali, alƙaluman na koyo ne, kai za ka sa naka. A ce gangarar mita 30 ce, kashi 10 cikin 100. Ɓangaren tsawo ya ba da 1.16, na tsayuwa 1.17, LS ya zama 1.36. A ce R 4,000 ne, K kuma 0.03, ƙasar tsirara, wato C 1, P ma 1. Ninka su: tan 163 a hekta a shekara. Idan kubik mita ɗaya na ƙasar ya kai tan 1.4, kubik mita 116 ke nan a hekta, kaurin santimita 1.2 a shafe daga fuskar fili gaba ɗaya. A hekta 2, lodin tifa mai kubik 10 sau 23. Wannan adadi na tifa shi mai aiki ya fi ganewa, shi ya kamata ka rubuta a saman takarda.

Abu biyu a kula. Na farko, a gangara mai tsayuwa sosai tsohuwar ƙa'idar tana zuzuta amsa. RUSLE ta maye ɓangaren tsayuwa da 16.8 sinθ − 0.50 ga kashi 9 zuwa sama, da 10.8 sinθ + 0.03 ga abin da bai kai haka ba. A kashi 10 duka biyun 1.17 suke bayarwa, amma a bangon yanka mai kashi 50 tsohuwar ta ce 15, sabuwar ta ce 7. Yi amfani da sabuwar. Na biyu, sabuwar ƙasar da aka tona tana saurin tsagewa, don haka RUSLE ta ɗaga m a filin gini, kusan 0.68 a gangarar kashi 10.

In aikin bai kai shekara ba, ba R na shekara za ka sa ba. Ɗauki kason da ke faɗowa a watannin da ƙasar za ta kasance a buɗe. Wata uku na rani da wata uku na tsakiyar damina ba su haɗa komai ba.

Ni ɗaliba ce a sashen injiniya. Ba mu da taswirar R ta yankin da nake bincike, sai jimlar ruwan shekara kawai. Zan iya amfani da ita? — Wata ɗaliba

Za ki iya, Malama, amma ki san abin da kika rasa. R ba yawan ruwa yake aunawa ba, dukan da ruwan ke yi wa ƙasa yake aunawa. A kowane ruwa da aka yi, ana ninka kuzarinsa, E, da ƙarfinsa a rabin awar da ya fi tsanani, I30. Kuzarin kowace milimita kuwa 0.119 + 0.0873 log i ne, inda i take milimita a awa, kuma ba ya wuce 0.283 in ƙarfin ya haura milimita 76 a awa.

Duba bambancin. Ruwan milimita 50 da ya sauka a hankali cikin awa 10: kuzarinsa 9, I30 ɗinsa 5, sakamako 45. Wani ruwan milimita 50 ɗin da ya zubar da 35 a rabin awar farko, sauran 15 a awa guda: kuzari kusan 13, I30 70, sakamako kusan 920. A ma'aunin ruwa ɗaya suke, a wajen ƙasa ɗaya ya ninka ɗaya sau 20. Jimlar shekara ba ta ganin wannan.

In kin sami bayanan na'urar da ke rubuta ruwa minti-minti, ga tsarin: ruwa biyu ana raba su in an yi awa 6 ba a sami milimita 1.3 ba a tsakani. Ana watsar da ruwan da bai kai milimita 12.7 ba, sai in ya zubar da 6.35 cikin minti 15. A tara na shekara, a ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa. Na asali shekara 22 aka tara.

In babu, akwai ƙa'idojin kusantowa. Ta Renard da Freimund, 1994, ga wurin da ruwansa ya wuce milimita 850: R = 587.8 − 1.219P + 0.004105P², inda P a nan take ruwan shekara a milimita, ba P ta USLE ba. Milimita 1,000 zai ba ki kusan 3,470. Amma Roose, da ya yi aikinsa a Afirka ta Yamma a shekarun 1970, ya sami R kusan rabin ruwan shekara a ma'aunin Amurka, wato 500, wanda in an juya shi zuwa ma'aunin mita ya zama kusan 8,500. Ruwa iri ɗaya a takarda, amsa ta ninka fiye da sau biyu, saboda ta farkon daga ruwan Amurka aka ciro ta, ta biyun daga ruwan wurare masu zafi da ke sauka da ƙarfi. Ki zaɓi wadda aka gina a yanayi irin na wurinki, ki faɗi wadda kika zaɓa.

Tun da mun taɓo ma'auni: R na Amurka ana ninka shi da 17.02 ya koma na mita, K kuma da 0.1317. Kuskuren da ya fi yawa a rahotannin da ke zuwa hannunmu shi ne a ɗauki R na mita a haɗa da K na Amurka. Amsar sai ta kumbura sau bakwai da rabi, ba wanda ya lura.

Taswirar ƙasa ta nuna K na filinmu ƙarami ne, amma ruwa biyu kacal aka yi bangon yanka ya tsattsage. Taswirar ce ba daidai ba? — Mai kula da aiki

Taswirar ƙasar sama take magana a kai, ku kuma kun kwashe ta. Abin da ke fuskantar ruwa yanzu ƙasar ciki ce, wadda ba ta da ruɓaɓɓen ganye da saiwar da ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa. Dole a ɗebi samfur daga zurfin da aikin zai tsaya, da kuma ƙasar ciko in daga wani wuri aka kawo ta.

Abu biyar ke fitar da K: kason lallausar ƙasa mai kama da gari haɗe da yashi mafi laushi, masu girman milimita 0.002 zuwa 0.1, kason sauran yashi, ruɓaɓɓen abu, yadda ƙasar ke dunƙulewa, da saurin shan ruwanta. Mutane na zaton yashi ne ya fi zaizayewa. Ba shi ba ne. Yashi yana da nauyi kuma yana shan ruwa. Yumɓu kuma yana manne da juna. Ta tsakiyar ce matsala: ba nauyi, ba danƙo, ga ta da toshe fuska da zarar ruwa ya buge ta. A ma'aunin mita, yumɓu da yashi suna tsakanin 0.007 da 0.026, ƙasa mai gauraye 0.033 zuwa 0.053, mai yawan lallausar ta haura haka.

Kafin sakamakon ɗakin gwaji ya fito, zuba ƙasa sulusin kwalba, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar cikin awa biyu, yumɓu sai kwanaki. Auna kaurin kowane da rula.

Sai gwaji na biyu, wanda muke zargin shi zai bayyana matsalarku. Ɗauki busasshen ɓarɓashin ƙasa kamar girman ƙwayar wake, saka a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa. In ya farfashe ya zube a gindi ruwan yana nan garau, da sauƙi. In wani farin gajimare ya tashi kewaye da shi cikin 'yan awoyi, yumɓun mai narkewa ne, galibi saboda sodiyam ya yi masa yawa. Irin wannan ƙasa takan zaizaye ta ciki, ta yi ramuka a ƙarƙashi kafin sama ya rufta, kuma lissafin K ba ya kama ta. Ana gauraya ta da jifsam, wani farin ma'adini, bisa adadin da gwaji ya nuna, a rufe ta da ƙasa mai kyau kaurin santimita 10 zuwa 15, kuma ba a gina bangon tafki da ita.

Lissafi ya ba mu tan 300 da wani abu, amma da muka kwashe tafkin tare laka bayan damina bai kai sulusin haka ba. Abokin aikina a wani fili kuma kwazazzabo ɗaya ya ci ƙasar da ta fi duk ƙiyasinsa. To me amfanin lissafin? — Wani injiniya

Injiniya, ku biyun duk abin da ya kamata ku gani kuka gani. USLE tana ƙirga ƙasar da ta bar mazauninta a kan gangara ta hanya biyu kawai: wadda ruwa ke shafewa a shimfiɗe, da wadda ƙananan tsagogi ke ci. Ba ta san inda ƙasar ta je ba. Wata ta kwanta a gindin gangara, wata a bayan tsibin tsakuwa, wata a ramin harsashi. Mafi laushinta kuma ta ratsa tafkinka ta wuce da ruwa, shi ya sa ba ka same ta ba. Haka kuma ba ta ƙirga kwazazzabo, ko cin gefen magudana, ko zabtarewar bango. Abokinka ruwan da ya haɗu wuri ɗaya ne ya cuce shi, wataƙila daga bakin kwalbati ko gefen hanya, kuma wannan lissafinsa daban ne: saurin ruwa da abin da ƙasar magudanar za ta iya jurewa.

Ƙari a kan haka, amsar matsakaici ce ta shekaru masu yawa. Damina ɗaya na iya ba da rabinta ko ninkinta. Mu a ganinmu, wanda ya rubuta "tan 163.2" yana yaudarar kansa ne. A ce tsakanin 100 da 250 ya fi gaskiya. Inda lissafin ke da ƙarfi shi ne gwada zaɓi da zaɓi: wane yanki ne ya fi zubar da ƙasa, me za a samu in an rufe, me za a samu in an jinkirta share wani ɓangare.

In kana son sanin abin da ya faru a zahiri, auna. Hanya uku ce mai sauƙi.

Tsagogi: ja igiya a gicciyen gangara a sama, tsakiya da ƙasa, auna faɗi da zurfin kowace tsaga da igiyar ta ratsa. A ce a faɗin mita 20 ka ƙirga tsaga 20, kowace faɗin santimita 15, zurfin 10, tsawon mita 30. Kubik mita 9 ke nan, tan 12.6 daga hekta 0.06, daidai da tan 210 a hekta. In tsagar mai tsinin gindi ce, raba biyu.

Turaku: kafa rodi mai tsawon santimita 40 zuwa 50 a layi-layi, ka auna abin da ya fito sama tun ranar farko, ka riƙa komawa. Milimita ɗaya a hekta kubik mita 10 ce, kusan tan 14. Sai dai a filin da motoci ke kai-komo rabin turakun ba sa kai ƙarshen wata, don haka a kafa su inda aka gama aiki.

Tafki: auna gindinsa da na'urar safiyo kafin ruwa da bayansa. Kada ka ninka da 1.4, lakar da ta kwanta cikin ruwa ba ta kai ƙasar asali matsewa ba. Yanki samfur da zoben ƙarfe wanda ka san girmansa, busar a zafin digiri 105 har nauyi ya daina sauka, ka raba. Ka kuma ɗebi ruwan da ke fita daga tafkin lokacin da ake ruwa, a tace a auna. Miligiram 5,000 a lita kilo 5 ne a kubik mita.

Yaya zan san girman tafkin tare laka? Na ga wasu suna haƙa rami mai zurfi kawai. — Wani ɗan kwangila

Zurfi ba shi ke kama laka ba, ranka ya daɗe, faɗin fuskar ruwa ne. Ƙwayar ƙasa tana nutsewa da saurin da girmanta ya ba ta. Mai milimita 0.05 tana sauka mita ɗaya cikin minti 7 zuwa 8. Mai 0.02 tana buƙatar minti 45 zuwa 55. Yumɓu mai 0.002 sai ya wuce kwana 3. Ana fitar da faɗin fuskar tafki a murabba'in mita da 1.2 × Q ÷ v, inda Q take ruwan da ke ratsawa a daƙiƙa, v kuma saurin nutsewar ƙwayar da ake son kamawa. Ga ƙwaya mai 0.02, v kusan mita 0.0003 ce a daƙiƙa. Ruwan kubik mita 0.1 a daƙiƙa na buƙatar murabba'in mita 400. Rami mai faɗin mita 5 da 5, ko ya kai zurfin rijiya, yashi kawai zai kama.

Tsawon tafkin ya ninka faɗinsa aƙalla sau biyu, uku ya fi, mashiga a wannan ƙarshe mafita a wancan. In suna kusa da juna ruwan zai yanke ya fice, sauran tafkin ya zama ado. Mafita ta ɗebi ruwa daga sama, inda ya fi tsabta. A yi masa hanyar ambaliya da aka shimfiɗe da dutse, a kafa sanda mai alama a tsakiya, a kwashe laka in ta kai rabi. Game da girman ciki, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce kusan kubik mita 250 ga kowace hekta da ke zubo masa ruwa.

Don sanin lakar da ruwa guda zai kawo, akwai MUSLE, wadda Williams ya fitar a 1975. Ta cire R ta sa ruwan da ya gudana a madadinsa:

Y = 11.8 × (V × q)^0.56 × K × LS × C × P

V jimlar ruwan da ya gudana ce a kubik mita, q ƙololuwar gudunsa a daƙiƙa, Y tan. A filin hekta 2 da aka baje, mai ƙasar da ba ta shan ruwa sosai, ruwan milimita 50 zai iya sakin kusan 29, kubik mita 580. Ƙololuwa kuma ana samunta da c × i × A ÷ 360, inda c take kason ruwan saman da ke gudana a kan ƙasa, i ƙarfin ruwan, A a nan kuma girman fili a hekta: in c 0.6 ce, ƙarfin ruwa milimita 90 a awa, fili hekta 2, q ta zama 0.3. Da LS 1.36 da K 0.23, amsar kusan tan 66 ce daga ruwa ɗaya tak. Lura da K ɗin: lambar 11.8 da K na Amurka take tafiya. In na mita ke hannunka, 0.03, sai ka sa 89.6 a gurbinta.

Yumɓu ba ya kwanciya a kan lokaci komai girman tafki. In ruwan ya ƙi washewa, sai an sa jifsam ko wani sinadarin dunƙule laka, bayan an gwada adadin a kwalba.

Mun kafa shingen yadi kewaye da fili, ruwan farko ya kwantar da shi. Yadin ne ba shi da kyau?

Da wuya laifin yadi ne. Shingen ba matata ba ce, ɗan tafki yake yi a bayansa don laka ta kwanta. Yana faɗuwa ne in an kafa shi a bakin magudana inda ruwa ya haɗu, ko an bi iyakar fili da shi sama da ƙasa har ya zama lambatu, ko ba a binne gindinsa ba. A bi gicciyen gangara a tsayi ɗaya, a lanƙwasa ƙarshensa biyu zuwa sama, a binne gindin yadin a rami mai zurfin santimita 15 a danne. Turaku a bayan yadi ta ɓangaren gangare, tazarar da ba ta wuce mita 1.8 ba. Kowace mita 30 ta shinge kada ta karɓi ruwan fiye da hekta 0.1. A ja shi baya kaɗan daga gindin gangara don ruwa ya sami wurin tsayawa, a kwashe laka kafin ta kai rabin tsayinsa.

Kuɗin da aka ware wa wannan ɓangare kaɗan ne. Me zan fara yi? — Wata mai kula da aikin gidaje

Hajiya, koma kan misalin tan 163 ki ga abin da kowane mataki ke saya. R da K ba a hannunki suke ba, sai dai lokacin aiki. Sauran ukun naki ne.

In kin katse gangarar mita 30 gida biyu da ɗan bangon ƙasa mai kai ruwa gefe, LS ya sauka daga 1.36 zuwa 0.96, tan 163 ya koma 115. Ragin kusan kashi 30. In aka bar fuskar sumul bayan rola, P 1.3 ce, tan 212. In katafila ta hau ta sauka a kan gangarar, sawun sarƙarta ya kwanta a gicciye, P ta koma 0.9. In ta bi gicciye kuwa sawun zai miƙe sama da ƙasa ya zama hanyar ruwa, P 1.2. Wannan ba ya cin ko sisi, gaya wa direba ne kawai.

Amma babban ragi yana wajen C. Busasshiyar ciyawa tan 2.2 a hekta tana kai C 0.20. Tan 4.5 tana kai shi 0.06 a gangarar da ba ta wuce kashi 10 ba, tan 163 ya koma kusan 10. Ciyawa mai rai da ta rufe ƙasa ruf tana kai shi wajen 0.01. Babu tafki ko shingen da zai ba ki irin wannan, domin su suna bin ƙasar ne bayan ta tashi. Sai dai rufin yana da iyaka. A gangarar kashi 26 zuwa 33, tan 4.5 ɗin C 0.17 yake bayarwa, kuma in tsawon ya wuce mita 15 ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa ya tsaga ƙasa. A nan sai tabarmar zare da ake kafewa da ƙusoshi, a binne bakinta na sama a rami, a shimfiɗa ta daga sama zuwa ƙasa tana manne da ƙasa. Ciyawar da ba a danna ta cikin ƙasa ko an ɗaure ta da raga ba, iskar da ke gaban hadari za ta kwashe ta kafin ɗigon farko.

Ga yadda za mu jera. Kafin a taɓa fili, a tare ruwan da ke gangarowa daga sama a kewaye da shi, don kada ruwa mai tsabta ya shigo ya fita da laka. A gina tafki kafin a share, ba bayan an share ba. A share gida-gida, a bar ciyawa inda aiki bai iso ba. Duk inda aiki zai tsaya mako biyu a rufe, wanda shi ne wa'adin kwana 14 da dokar Amurka ta sa. Ƙasar sama a tara ta daban nesa da hanyar ruwa, a rufe ta, za a buƙace ta wajen shuka. A ƙofar fita a shimfiɗa dutse mai girman santimita 5 zuwa 8, kaurin 15, tsawon mita 15, a kan yadin shimfiɗa, don tayoyi su zubar da taɓo kafin titi.

A magudanar wucin gadi a jera ƙananan madatsan dutse, tsakiyar kowace ta fi gefenta ƙasa da santimita 15, in ba haka ba ruwa zai zagaye ya ci gefen. Tazara kuwa, gindin ta sama ya yi daidai da kan ta ƙasa: madatsa mai tsayin rabin mita a magudanar kashi 4 tana buƙatar mita 12.5 tsakaninta da ta gaba. A sa mutum ɗaya ya zagaya filin cikin awa 24 bayan duk ruwan da ya kai milimita 6, da shebur a hannu, ya cike duk tsagar da ya gani, ya bi ta zuwa sama ya gano inda ruwan ya haɗu.